Ciki da bisa: sharhi a kan gidan bene na iyali cikin ƙaramin fili a Damagaram

1. Gabatarwa

Zane biyu ne suka jawo wannan sharhi. Na farko sananne ne, wato gidajen nan shida da ake kira Niamey 2000, waɗanda ƙungiyar united4design (Mariam Kamara, Yasaman Esmaili, Elizabeth Golden da Philip Sträter) ta kammala a Yamai a shekarar 2016, kuma suka shiga jerin ayyukan da aka tace domin kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2022. Gidajen bene ne na iyali, kusa da kusa, an gina su da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kuma masu aikin sun bayyana cewa da tsoffin birane irin su Timbuktu da Kano da Damagaram suka yi koyi. Zane na biyu ba kowa ya san shi ba: wani mai zanen gini ne ya yi wa yayana, a kan filin da ya gada a unguwar Zango, faɗinsa mita 10, tsawonsa mita 15. Yayan nawa yana da mata biyu da ƴaƴa tara, kuma mahaifiyarmu tana hannunsa. Tun da filin ba ya miƙewa, sai aka ce a hau bisa.

Mu ba magina ba ne, aikinmu nazarin harshe ne. Amma zanen gini yana ɗauke da kalmomi, an rubuta wa kowane ɗaki sunansa, kuma a ƙasarmu da Faransanci ake rubuta su, alhali da Hausa za a zauna a gidan. Saboda haka za mu karanta zanen kamar yadda ake karanta fassara, mu duba abin da ya tsallaka da abin da ya faɗi a hanya. Ra'ayin da za mu kare shi ne: gidan Bahaushe da zurfi yake tsara mutanensa, daga waje zuwa ciki, shi kuwa bene da tsayi yake tsara su, daga ƙasa zuwa bisa, kuma tsare-tsaren nan biyu ba ma'anarsu ɗaya ba a bakin masu harshen.

2. Abin da benen Birni yake, da abin da ba shi ba ne

Gaskiya ne akwai bene a tsohon Damagaram. Fadar sarki da ganuwar Birni aikin tsakiyar ƙarni na 19 ne, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, kuma attajiran Zango da ke fatauci da Kano da Tarabulus sun gina soraye masu hawa, da zankwaye da zanen fuska. Saboda irin wannan gini ne aka sa Birni da fadar cikin jerin wucin gadi na UNESCO a 2006. Sai dai wanda ya bi lungunan Birni da ƙafa ya san cewa gidaje masu bene tsiraru ne. Cunkoson unguwar daga wani wuri ya fito: katanga ɗaya tsakanin maƙwabta biyu, lungu ƙunci, da tarin mutane cikin gida guda. Bene kuwa alamar sarauta ne ko dukiya. A gidajen da muka samu shiga, ɗakin bisa ƙarami ne, yawanci a sashen maigida, tagoginsa ƴan ƙanana. Ƙanƙantarsa tana da dalili na aiki: azarar giginya ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta kai mita 2 sai da tallafi, kuma kowane hawa yana bukatar a ƙara wa bangon ƙasa kauri.

Nan ne muke da ja da yadda ake ambaton Damagaram a bayanan Niamey 2000. Aikin kansa mai kyau ne, za mu dawo kan abin da ya dace da shi. Amma idan aka ce an hau bisa domin a rage cin fili, kamar yadda tsoffin biranenmu suka yi, an ɗora wa kakanni niyyar da ba tasu ba. Tanimun bai gina bene don fili ya yi masa kaɗan ba. Ɗaukar iyali gaba ɗaya, da mata da yara da tsofaffi, a rarraba su hawa-hawa, sabon abu ne, kuma gara a kira shi sabo, domin in an ce gado ne sai a ɗauka an riga an warware matsalolinsa.

Matsin fili kansa ba tsoho ba ne sosai. Lokacin da Damagaram ta zama hedkwatar yankin mulkin mallaka, daga 1911 zuwa 1926, an yanka sabon gari tsakanin Birni da Zango, da tituna miƙaƙƙu da filaye masu kusurwa huɗu. Daga nan muka samu kalmar kare, daga carré, abin da ƴan Nijeriya ke kira fuloti. Kare yana da iyaka a takarda. Rabon gado kuma yana ta tsaga shi, har ya kai mutum ya tashi da murabba'in mita 150 irin na yayana.

3. Zurfi: yadda harshe ya tsara gida

Mu dubi jerin wuraren da mai shiga gida yake ratsawa:

(1) zaure, ƙofar gida, shigifa, tsakar gida, ɗaki, ƙuryar ɗaki.

Kowace kalma a (1) tana da wanda aka yarda ya kai gare ta. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Aboki na kusa ko suruki yana iya kaiwa shigifa. Daga nan sai muharrami da mata da yara. Ƙofofin ba sa fuskantar juna, don kada ido ya riga ƙafa shiga. Kalmomin wuri da ke riƙe da wannan tsari daga sunayen gaɓoɓin jiki aka samo su: ciki, baki, baya, gaba. Gida yana da ciki kamar mutum, har ma cikin gida kan zama sunan matan gidan gaba ɗaya, in ana son a sakaya.

Sa'an nan mu dubi kalmar ɗaki:

(2) a. Mai ɗakina ta yi tafiya.
b. Ɗakinsu ɗaya.
c. Ta koma ɗakinta.

A (2a) ɗaki aure ne, a (2b) uwa ce da ƴaƴanta, a (2c) sulhu ne bayan yaji. Ba ɗaya daga cikin ukun da chambre za ta iya ɗauka. Chambre wurin kwana ne kawai. Ɗaki kuwa mulkin mace ne: gadonta, jerenta, baƙinta, da wurin da ƴaƴanta ke komawa. Zanen yayana ya rubuta chambre parents a hawa na farko, da chambre 1, 2, 3. Su wane ne parents a gidan da ke da turaka da ɗakuna biyu na mata? Mai zanen ya ɗauko kalmar tare da iyalin da ke cikinta, miji ɗaya da mata ɗaya a gado ɗaya, ya aza a kan mutanen da ba haka suke ba. Ba mugunta ya yi ba, kalmomin da aka koya masa ke nan.

Haka nan salon. A zanen, daga titi sai ƙofa, daga ƙofa sai salon, kuma matakalar hawa bisa daga cikinsa ta tashi. Wato an haɗe zaure da shigifa da hanyar mata wuri guda. Duk lokacin da maigida ya yi baƙi, matar da ke bisa ta zama ɗaurarriya, ba ta sauka sai sun tashi. Fuskar gidan da ke kan titi, inda zaure ya kamata ya zauna, an ba gareji.

Amma babban rashi shi ne tsakar gida. A lissafin Faransanci ana cewa F3 ko F4, ana ƙidaya manyan ɗakuna masu rufi, ita kuwa cour ba ta shiga lissafi, abin da ya rage ce bayan an gama gini. A zanen yayana siririn fili ne mai faɗin mita 2 a bayan gida. Bahaushe kuma katanga yake fara ja, tsakar gida ta samu, sa'an nan ɗakuna su biyo baya ɗaya-ɗaya gwargwadon aure da haihuwa. Tsakar gida ita ce ɗakin da aka fi zama cikinsa, rufi ne kawai ba ta da shi. A nan ake daka, a nan ake hura wutar girki, a nan ake dafa ruwan wankan jego na kwana 40, a nan ake ɗaure ragon layya, a nan mata ke zaman suna da zaman makoki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya hawa bene. Wanda ya taɓa jin sautin taɓarya a kan rufin kankare ya san dalili.

4. Tsayi: abin da hawa da sauka ke faɗa

Masu zane da suka lura da wannan matsala sukan ba da amsa mai sauƙi: a mai da zurfi tsayi, ƙasa ta zama waje, bisa ta zama ciki. Baƙi da mota da shago a ƙasa, iyali a bisa. A takarda abin yana da kyau, kuma haka gidajen jere na Turai da yawa suke. Mu kuwa muna ganin fassara ce ta kalma da kalma, domin bisa da ƙasa ba fanko suke ba a Hausa, suna da nasu kaya:

(3) a. Ya hau gadon sarauta.
b. An sauke shi.
c. Yana sama da ni a wurin aiki.
d. Ya yi ƙasa da murya.

Ciki da waje kusanci suke aunawa, bisa da ƙasa kuwa daraja. Matar da ɗakinta ya fi na kishiyarta zurfi ba ta fi ta ba. Amma ranar da aka sa ɗaya a bisa ɗaya a ƙasa, unguwa za ta raɗa musu suna, ta bisa da ta ƙasa, kuma ba mai iya goge abin da sunan ke nufi. Zanen yayana haka ya yi: uwargida a hawa na farko, amarya a na biyu. Mai zanen ya ce ai ɗakunan girmansu ɗaya, ya auna. Ya auna faɗi da tsawo, bai auna abin da ke cikin misalan (3) ba. Abin dariya kuma shi ne kowaccensu tana da hujjar ƙorafi: ta ƙasa an hau kanta, ta bisa an bar ta da zafi da jan ruwa.

Zafin da ruwan ba ƙananan abubuwa ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kankare shi ke shan rana yini guda, ya riƙa fitar da ita cikin dare. Garin kuma a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwansa sananne ne tun zamanin mulkin mallaka, yana ma cikin dalilan da ake bayarwa na mai da hedkwata Yamai. Pampon da ke kawo ruwa da ƙyar a ƙasa ba ya kai shi hawa na biyu sai da tanki da injin turawa. In babu su, ƴan mata ne za su hau da bokiti a ka.

Wata ƴar lura a gefe: zanen ya sa ɗakin baƙi a can ƙoli. A Hausa baƙo sauka yake yi, wurinsa masauki. Wannan baƙo sai ya hau matakala kusan 40 kafin ya sauka.

Ko ƙidayar hawa ma ba mu daidaita ta ba. Masu zane suna rubuta R+1, R+2, wato ƙasa da hawa ɗaya, ƙasa da hawa biyu. Hausa a asalinta haka take ƙidaya, tun da hawa sunan aiki ne, sau nawa aka hau. Amma masu fassara daga Ingilishi, musamman a rediyo, sukan sa ƙasan cikin lissafi, sai gini mai hawa ɗaya ya koma mai hawa biyu. Yayana da magininsa sun yi mako guda suna ciniki, kowa da adadin da ke ransa.

Sai batun maƙwabci. Katangar gida an yi ta ne daidai idon mai tafiya a ƙasa. Da zarar an ɗaga taga bisa, katangun gidaje huɗu ko biyar sun tashi aiki a rana ɗaya. Wannan ba sabon zance ba ne ga malamanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Birni, ta hana buɗe tagar da ke tona maƙwabci da ƙofar da ke fuskantar ƙofarsa, kuma Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. Ƙananan tagogin tsohon bene biyayya ce ga wannan ƙa'ida. Zanen yayana yana da baranda buɗaɗɗiya a baya, tana kallon tsakar gidan wasu marayu.

5. Abin da Niamey 2000 ya dace da shi

Duk da jan da muka yi a sashe na 2, akwai abin da gidajen Yamai suka gane wanda zanen Zango bai gane ba. Ba a jera iyalai shidan bisa kan juna ba, an jera su gefe da gefe. Kowane iyali yana da ƙasarsa da samansa, da ɗan fili mara rufi a cikin katangarsa. Rabon a tsaye aka yi shi, ba a kwance ba. Gaskiya ne an yi su ne domin ƙananan iyalai masu matsakaicin hali, ba domin gida mai mata biyu da kaka ba. Amma dabarar tana iya shiga cikin gida guda: maimakon a ba kowace mata hawa, a ba ta tsagi, ɗaki a ƙasa mai buɗewa ga tsakar gida, da ɗakin ƴaƴanta a bisansa. Da haka kalmar ɗaki ta (2b) ta samu jikinta, kuma ba ta bisa, ba ta ƙasa. Turaka da ɗakin samari su hau kan zaure, su kalli titi, inda tsohon bene yake tun asali. Rufin ƙoli a ja masa bangon da ya wuce tsayin mutum, ya zama wurin shanya da kwanan bazara, kamar yadda ake kwana kan soro.

Wannan tsari yana da tsada, bai kamata mu ɓoye ba. Yana son matakala biyu, ta maza daga zaure, ta mata daga ciki, kuma a fili mai murabba'in mita 150 kowace matakala ɗaki take ci. Yana kuma son a bar akalla kashi ɗaya cikin huɗu na filin babu rufi, abin da mai gida ke gani kamar asarar kuɗi. Mota kuwa sai ta kwana a waje. A ganinmu matakala ta biyu ta fi gareji amfani, amma mun san mai mota ba zai yarda da mu cikin sauƙi ba.

Abu na biyu da suka dace da shi shi ne ƙasa. A harshen ma'aikatun gwamnati siminti da ƙarfe su ne matériaux définitifs, kayan dindindin, ginin ƙasa kuwa banco, wanda ake lissafawa cikin na wucin gadi. Kalmar ta yi aiki a zukata fiye da yadda ake zato, har mutum yana jin kunyar a ce gidansa na ƙasa ne. Ga shi kuwa fadar Tanimun ta haura shekara 150 a tsaye. Sai dai kada mu wuce gona da iri: a watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda shi ma ginin tsakiyar ƙarni na 19 ne. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da makuba da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma bene ya fi kowane gini bukatar haka. Tubalin inji ya rage wannan wahala, bai kawar da ita ba. Abin da Niamey 2000 ya nuna shi ne ana iya ɗora hawa a kan bangon ƙasa, ɗaki ya yi sanyi, kuma mai albashi ya yarda ya shiga.

6. Yadda aka ƙare a Zango

Da aka kai wa mahaifiyarmu zanen, ba ta karanta Faransanci, sai ta sa na bi mata shi ɗaki-ɗaki. Da na gama sai ta ce: «To, Malam, ni ina aka ajiye ni?» Na ce: «Inna, ga naki nan a hawa na farko, kusa da na uwargida.» Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: «Gwiwar tawa ce za ta hau, ko kuwa ranar da Allah ya yi ikonsa makara ce za ta juya a wannan lungu?» Na koma na auna kwanar matakalar a takarda: faɗinta santimita 90 ne. Ba a yi zanen da tunanin wanda za a fitar a kwance ba.

Yayana bai yar da zanen ba, domin ya riga ya biya kuɗinsa kuma da shi aka ba shi izinin gini. Abin da ya yi shi ne ya zauna da wani tsohon magini suka juya ƙasan: gareji ya koma zaure da ɗan shago, salon ya tsage biyu ya zama ɗakunan matan, Inna ta samu ɗaki a bakin tsakar gida, tsakar gidan kuma ta ƙaru da abin da aka rage daga madafi, tun da girkin itace a waje ake yin sa. An zuba rufin kankare, aka gina ɗaki biyu bisa zaure, aka toshe barandar baya. Hawa na biyu ba a yi shi ba. Ƙarafansa suna nan tsaye a kan rufi, irin waɗanda masu zane ke kira fers en attente, ƙarafan jira, an kifa musu kwalabe don kada su yi tsatsa. A takardar ma'aikatar magajin gari har yanzu gidan R+2 ne, da salon da chambre parents. Babban ɗan gidan zai yi aure baɗi, kuma an fara maganar ko a ɗora masa ɗaki a kan ƙarafan. Uwarsa ta ce ba ta ƙi ba, amma a fara gaya mata ta wace matakala amaryar za ta riƙa sauka.